Gurbi Ɗaya a Yarjejeniyar Jiragen Sama

Duk wanda ya zauna Funtua a farkon shekarun sittin ya san Taju, bakaniken kamfanin auduga. Sunansa na yanka Tajudeen, ɗan Baba Jimoh mai sayar da kayan keke a bakin tasha, wanda ya taso daga Ogbomosho tun kafin yaƙin duniya na biyu. A Funtua aka haifi Taju, a nan ya yi makaranta, kuma Hausarsa ta fi Yarbancinsa nesa ba kusa ba. Idan injin gurzar auduga ya fara wani kuka, shi ake kira. Sai ya tsaya ya kasa kunne, ya ce ga inda ciwon yake, a kwance a tarar haka ne.

Amininsa ɗaya ne, Sada ɗan Malam Abubakar, wani manomi na Gozaki. Lokacin da Sada ya ci jarrabawar shiga babbar firamare ta Funtua ba shi da kowa a garin, sai Malam Abubakar ya kawo shi wurin Baba Jimoh, inda ya saba sayen taya da tif, ya ce ga amana. Shekara uku Sada da Taju suna kwana ɗaki ɗaya, suna ci a kwano ɗaya. Silifat, mahaifiyar Taju, ba ta taɓa bambanta su ba, shi ma Sada "Iya" yake kiranta. Daga baya Sada ya koyi aikin akawu a Zariya, ya sami aikin buga tafireta a wani ofishin gwamnati a Kaduna.

A farkon daminar 1964 Sada ya sauko daga motar Kaduna, ko gida bai nufa ba, ya zarce kamfani. Ya tarar da Taju kwance a ƙarƙashin lori.

"Fito, fito! Ranarka ta zo," in ji Sada.

Taju ya fito yana goge hannu da tsumma. "Lafiya kake haki haka?"

"Gwamnatinmu da ta wata ƙasa a Turai suna ƙulla yarjejeniyar jiragen sama. Nasu za su riƙa sauka a Kano da Ikko, namu kuma a babban birninsu. To tunda jiragenmu ba su da yawa, su ne za su fi cin moriyar abin, sai aka gindaya musu sharaɗi. Za su ɗauki samari shida su koya musu gyaran injin jirgi har shekara uku. Jihar Arewa gurbi biyu aka ba ta. Da hannuna na buga takardar."

Jirgin sama sau biyu Taju ya taɓa gani a ƙasa, a filin Kano, ta bayan waya.

"Ni kuma wa zai ɗauke ni?"

"In ba kai ba wa? Ni ma zan nema, wallahi na gaji da tafireta. Amma fa sai ka koya mini, ban san komai a inji ba."

Haka aka yi. Duk ranar Asabar Sada ya zo Funtua, su shiga bayan kamfani inda wani tsohon inji yake yashe, Taju ya kwance shi ɗaiɗai yana faɗa masa sunan kowane ƙarfe da aikinsa, sannan ya sa shi ya mayar. In ya yi kuskure a sake daga farko. Silifat ta aiko musu da amala da miyar kuɓewa, su ci a tsaye.

Bayan wata biyu aka kira jarrabawa a Kano. Mutum talatin da ɗaya suka zauna daga Arewa. Bayan rubutu, wani Bature mai furfura ya ajiye wa kowa ɗan inji a gabansa ya ce a gano abin da ya hana shi tashi. Taju ya gama kafin Baturen ya ƙare shayinsa. Da aka kafe sakamako, Tajudeen Jimoh ne na ɗaya, Sada Abubakar na biyu. A motar dawowa ba su bar kowa ya huta ba don dariya. Baba Jimoh ya yanka rago, maƙwabta suka ci, Silifat kuma ta shiga kasuwa neman riguna masu kauri, don an ce mata sanyin can yana tsinke yatsu.

Sai magana ta tsaya cik.

Sada ya riƙa rubuto wa Taju halin da ake ciki. Mutanen can sun ce saukar Kano kaɗai ba ta ishe su ba, suna so a ba su izinin ɗibar fasinja daga Kano zuwa ƙasashen maƙwabta. Namu suka ce in aka yarda da haka kamfanin jirgin ƙasarmu zai tashi fayau ba kowa a ciki. Aka zauna a Ikko aka watse, aka sake zama a can aka watse. Taju ya zama ba ya barin labarun rediyo su wuce shi, har abokan aikinsa suka laƙaba masa "Direban Sama". Wasiƙa huɗu ya samu. Bayan ta huɗun bai ƙara samun ko ɗaya ba, ya ɗauka aiki ne ya yi wa Sada yawa.

Da kaka ta yi, ana tsakiyar tsinkar auduga, wata lorin kamfani ta mutu a Kafur, aka tura Taju. Ranar kasuwa ce. Ya gama gyara wajen azahar, ya shiga neman abin taɓawa, sai ya ji an kira sunansa. Gwaggo Hajo ce, ƙanwar Malam Abubakar, zaune gaban faifan daddawarta. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Taju ɗan albarka! Ka zo yi wa ɗan'uwanka rakiya ke nan?"

"Rakiya zuwa ina, Gwaggo?"

"Ah, Turai mana! Ai tun shekaranjiya yana Gozaki yana sallama da dangi. Ran Litinin jirginsu zai tashi. Na ce da Inno, uwarsa, abin da ya rage daɗi kawai shi ne da aka ce mutum ɗaya za a ɗauka, da tare za ku tafi. Au, bai gaya maka ba?"

Taju ya ji kasuwar ta yi masa tsit, alhali mutane na ta hayaniya. Ya ce, "Ya gaya mini, Gwaggo. Mantawa na yi." Ya ari keken wani mai faci ya kama hanyar Gozaki.

A gonar auduga ya same shi. Sada na tsaye a gindin kaɗanya cikin farar riga, mata na tsinka can nesa. Da ya hango mai keken ya gane shi, sai ya sunkuyar da kai, bai motsa ba har Taju ya jingine keken.

"Sannu da zuwa," in ji Sada.

"Yaushe aka sa hannu?"

"Sati biyar ke nan."

"Ban ji a rediyo ba."

"An faɗa sau ɗaya, da Turanci." Sada ya ƙara da cewa, "Namu sun ƙi ba su fasinjan maƙwabta, su kuma suka rage guraben daga shida zuwa huɗu. Kowace jiha ɗaya."

"To. Ni ne na ɗaya."

Sada ya kau da kai ya dubi matan da ke tsinka.

"Sada, ni ne na ɗaya ko ba ni ba ne?"

"Kai ne. Amma an ce gurbin na ɗan asalin Arewa ne. Aka duba fayil ɗinka."

"Wa ya duba? A takardata na rubuta Funtua, Lardin Katsina. Haka suka karɓa, haka na zauna jarrabawa, ba wanda ya ɗaga gira. Wa ya ce musu su sake dubawa?"

Sada ya tsinko wata audugar yana murzawa da yatsu. Can ya ce, "Layi biyu na rubuta wa maigidana na ofis. Na ce iyayenka mutanen Ogbomosho ne. Ban yi ƙarya ba, Taju."

"Ba ka yi ƙarya ba." Taju ya maimaita a hankali. "Ka san ɗakin da aka haife ni. A cikinsa ka kwana shekara uku. Da ka yi ƙyanda, wa ta goya ka zuwa asibiti?"

"Ko ban rubuta ba wani zai tono. Da sai mu rasa gaba ɗaya, a ba na uku, wani ɗan Bauchi da ba mu sani ba. Na ga gara ɗayanmu ya samu."

"In haka ne me ya hana ka zo ka gaya mini? Da ka zo ka ce, Taju, gurbi ɗaya ya rage, ina so, wallahi da na yi tunani. Sati biyar ina zaune gaban rediyo kamar wawa, Iya tana ta tara riguna."

"Kunya ce ta hana ni."

"Amma ba ta hana ka rubutu ba."

A lokacin Malam Abubakar ya ɓullo daga cikin gona da buhu a kafaɗa. Taju ya cire hula ya durƙusa kamar yadda ya saba. Tsohon ya amsa gaisuwa a gajarce, idonsa na kan buhun, ya tambayi lafiyar Jimoh, ya ce a gaishe shi, ya wuce da sauri. Nan Taju ya gane shi ma ya sani. Wannan ta fi yi masa zafi, don ya zo da niyyar kai ƙara wurinsa ne.

Ya hau keken ya juya. Sada ya kira shi sau biyu, bai waiga ba.

A gida ya faɗa wa iyayensa komai, bai rage ba bai ƙara ba. Silifat ta tashi ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Baba Jimoh ya ce, "Tunda sun ce kai mutumin Yamma ne, je ka Badun, babban birninsu. Su ma an ba su gurbi."

Taju bai so ba, amma ya bi umarni. Ya nemi hutun kwana shida, ya hau jirgin ƙasa. A Badun ya yini biyu a kan benci kafin a shigar da shi wurin wani jami'i mai tabarau. Mutumin ya duba takardunsa, ya yaba sakamakon ƙwarai, sannan ya yi masa tambaya da Yarbanci mai zurfi. Taju ya amsa yana haɗawa da Hausa. Jami'in ya yi murmushi ya koma Turanci.

"A Arewa aka haife ka, a Arewa ka yi karatu, a jerin Arewa ka zauna jarrabawa. Mu mun aika da sunan namu tuni. Ka koma wurin mutanenka su duba maka."

"Su suka turo ni nan," in ji Taju.

"To, ban san abin da zan ce maka ba. Yarjejeniyar ta shekara biyar ce. Wataƙila in an zo sabuntawa a ƙara guraben."

Kafin lokacin shekarunsa za su wuce iyakar da aka sa wa masu neman gurbin. Ya sani, jami'in ma ya sani. Ya tattara takardunsa ya yi godiya ya fito.

Da ya dawo Funtua ya tarar Sada ya biyo ta gidansu ranar Lahadi, kan hanyarsa ta zuwa Kano. Baba Jimoh ya ba shi tabarma a zaure, ya yi masa addu'ar sauka lafiya, bai ƙara kalma ɗaya ba. Sada ya roƙi a yi masa iso wurin Iya. Silifat ta aiko da cewa tana aiki. Ya zauna har la'asar, ba ta fito ba, ya tashi ya tafi.

Taju ya koma bakin aikinsa ranar da hutunsa ya ƙare. Abokan aiki suka daina kiransa da sunan tsokana ba tare da kowa ya hana su ba. Bai ƙara zancen jirgi da kowa ba, sai dai ya yi wata guda ba ya iya cin abincin kirki, kuma daga nan ya zama mutum mai wuyar sabo. Bayan shekara biyu ya bar kamfani ya buɗe garejinsa a hanyar Malumfashi, direbobin Dandume da Bakori suka riƙa kawo masa motoci. Ya auri Asma'u, 'yar wani tela a unguwarsu.

Sada ya rubuto sau uku daga Turai. Taju ya karanta ta farko har ƙarshe. Shafi biyu ne na bayanin sanyi da girman injunan jirgi, da cewa duk abin da malamansu ke koyarwa sai ya tuna bayan kamfani, sannan layi ɗaya a ƙasa na neman gafara. Sauran biyun ya ajiye su a akwati bai buɗe ba.

Da Sada ya dawo a ƙarshen 1967 aka ba shi aiki a filin jirgin Kano. Wata Asabar ya tsaya a bakin garejin da wata ƙaramar mota, ya fito ya yi sallama. Taju ya amsa, ya sa aka kawo masa kujera da ruwa, ya tambaye shi iyali da aiki. Sada ya fara cewa, "Taju, maganar nan tamu..."

"Motar taka tana jan mai da yawa," in ji Taju. "Tun daga kwana na ji ta. Buɗe mu gani."

Ya gyara masa ita cikin rabin sa'a, ya rufe, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya koma ƙarƙashin lorin da ya baro. Sada ya ɗan tsaya riƙe da makulli, sannan ya shiga motarsa ya nufi Gozaki.