Ganyen Zogale a Babban Yatsa

Rumaisa na karatun kwamfuta a Kalgo, kuma kamar duk mai sabon ilimi, gani take ta fi kowa wayo. Da ta gano baffanta Lawali na tsarma maganin feshi da ruwa a shagonsa na Gwandu, har tsutsa ta cinye waken mutanen Malisa, sai ta ɗauki hoton jarkokin a ɓoye. Ta tura wa wata jaridar intanet ta manhajar nan mai ɓatar da sawu, wadda ke yawo da saƙo ƙasa-ƙasa kafin ya isa. Malaminsu ya ce amfani da ita ba laifi ba ne a doka. Ya kuma ce hanya kawai take ɓoyewa, ba sakarcin mai tafiya ba, amma wannan kashin Rumaisa ba ta saurara ba.

Hoton ya zagaye wayoyin Gwandu. A gefensa kuwa ga babban yatsanta riƙe da murfin jarka, da zanen lalle na ganyen zogale, zanen da ita kaɗai ke yi. Ƙawarta Hafsat ta kira ta ce Lawali ya buɗa hoton, ya rantse sai ya gano mai hannun. Rumaisa ta san babanta: ranar da ya ji ita ta tona asirin ƙanensa, ranar karatunta ya ƙare.

Ta goge yatsan da lemun tsami, ta goge da kananzir, lalle ya ce yana nan. Ga suna a gidansu na Gwandu ranar Asabar, ba halin ƙin zuwa. Ta shiga motar Gwandu hannu a cikin hijabi kamar mai ciwo.

A tsakar gida wata mata ta miƙo mata ruwa. Ganyen zogale a yatsanta. Mai tuƙa tuwo ma haka, mai jego haka, har maƙwabta. Wani zanen ya karkace, wani ya fi kama da ƙafar kaza, amma duk zogale ne.

Kakarta Inno na bakin ɗaki, nata yatsan ja wur.

"Taho nan, 'yar boko," in ji ta. "Tun da Hafsat tan nuna min hoton nig gane hannun. Nic ce lallen sunan bana ke nan, kowa ta yi."

"Inno, Baffa fa?"

"Ya zo, ya duba hannuwa har yag gaji. Ni na haihe shi, ki bar ni da shi. Sai ya tai Malisa ya ba mutane haƙuri."

Rumaisa ta zauna a tabarma, daɗi ya sa ta dariya da hawaye tare. Ta fito da hannunta daga hijabi ta karɓi ruwan.