Zama na Ƙarshe a Ɗakin Direba

"Ɗaga wayar sama kaɗan, Gwaggo. Fuskata kawai nake so su gani."

Gwaggo Tela ta ɗaga. Ƙofarta na kallon ta Direba a hawa na uku, kuma tunda hannunsa ya fara rawa ita ke riƙe masa waya duk ranar zaman sulhu. Ya sa riga mai guga, ya jingina da filo biyu. Tukunyar iskar numfashi da asibiti suka ba shi kuwa ya sa an tura ta bayan kujera.

Fuska biyu suka bayyana a wayar. Ɗaya ta mai sulhu ce, a ofishinta. Ɗayar ta matarsa ce, wadda ta koma ƙasarsu bara da 'yarsu Gimbiya, bayan zaman aurensu ya ƙi daɗi.

"A maganar hutun makaranta muka tsaya," in ji mai sulhu. "Ina sake tuna muku, ni ba alƙali ba ce. Abin da kuka yarda da shi ku biyu, shi ne."

"Ni ban canza ba," in ji matar. "In na sa ta a jirgi ta zo, ya riƙe fasfonta fa? Kotun nan ba ta da iko a can. Wa zan kama?"

"Ba zan riƙe ta ba."

"Haka ka ce lokacin da ka ɓoye takardar haihuwarta."

Direba ya buɗe baki zai amsa, tari ya sarƙe shi. Gwaggo ta bi fuskarsa da wayar. Tun farko ya gargaɗe ta kada su gane ba shi da lafiya: ba ya so a turo masa 'yarsa don tausayi.

Matar ta matso da fuskarta.

"Wa ke riƙe da wayar nan?"

"Ni ce, 'yar nan. Kwantar da hankalinki, ba amarya ba ce."

"Gwaggo, ina wuni. Don Allah juya wayar in ga ɗakin."

Gwaggo ta dubi Direba. Ya rufe ido, bai ce a'a ba. Ta juya a hankali: labule, teburin da magunguna suka cika, kujera, bututun roba da ya leƙo ta ƙarƙashinta.

"Baban Gimbiya, tun yaushe?"

"An ɗan jima."

Mai sulhu ta tambaya ko a ɗaga zaman. Matar ta ce a'a, a gama yau. Ba za ta sa yarinyar a jirgi ita kaɗai ba, da kanta za ta kawo ta, kuma fasfo zai zauna a jakarta. Direba ya ce ya yarda. A cikin duk zaman da suka yi, wannan ne ya fi gajarta.

Biza ba ta fito da wuri ba. Mai sulhu ta yi ta buga waya ofis-ofis. Direba ya rasu wata safiya, Gwaggo na gefensa tana ɗinke maɓallin rigar wani. Abokan aikinsa na tashar bas suka yi masa sutura.

Sai a mako na gaba uwa da 'ya suka iso. Gwaggo ta ba su mabuɗi, ta bi su ciki. An riga an mayar wa asibiti kayansu. Yarinyar ta zauna a bakin gado da jakarta a baya, ta ƙi cirewa.

"Ya sha wahala, Gwaggo?" in ji uwar.

"Ba sosai ba. Ya san kuna hanya."

Matar ta gyaɗa kai, ta wuce kicin. Ba ta tambayi inda komai yake ba. Daga inda Gwaggo ke tsaye tana hango bayanta: ta ɗora ruwa a wuta, ta miƙa hannu saman kanta, ta sauko da kofi uku, ta tsaya tana jiran ya tafasa.