Motar Labbo Ta Rame

A shekarun da ake ginin madatsar Bakolori nama ya yi daraja a Talata Mafara, don leburori ba su wasa da tsire. Manyan mahauta biyu, Labbo da Gwadabe, kowa ya sayi tsohuwar akori-kura. Duk ranar kasuwar Maradun sai su yi tsere, saboda wanda ya riga isa kara, inda ake sayar da shanu, shi ke zaɓen shanu masu maiƙo. Shekara guda cur Gwadabe ke kan gaba, har yakan ɗago wa Labbo hula in ya zo wuce shi.

Da damina ta ɓata hanya, Labbo ya kirawo Inuwa, wani makanike ɗan Bakura da ke aiki a garejin Turawan Italiya. Inuwa ya ce masu tseren mota na ƙasar Turawan ɓoye motar suke yi kafin lokaci, su rage mata nauyi, su gwada ta, sannan su lulluɓe ta da ƙyalle a tara jama'a a yaye.

"Haka za mu yi, har da ƙyallen," in ji Labbo.

Aka kewaye motar da zana a bayan gida. Inuwa ya cire ƙofofi, ya cire benci, ya cire safaya. Duk abin da ya fita sai a zaga hanyar Morai a gwada, Inuwa na tuƙi, Labbo na zaune gefe, rabin jikinsa a waje, don mutum ne da Allah ya yi wa girma, gaba ɗaya ya cika gaban mota.

Da kaka ta yi aka sa rana. Marka, matar Labbo, ta hana atamfarta, sai tabarmi aka rufa. Masu kalangu suka cika ƙofar gida. Aka yaye, jama'a suka zuba mata ido.

Gwadabe ya zagaya ta ya ce, "Sannu Labbo. Ciwo ta yi? Wagga rama hwa ta yi yawa."

Ranar kasuwa da hantsi motocin suka jeru. Labbo ya ɗaga ƙafa zai shiga, Inuwa ya sosa ƙeya.

"Maigida, saura abu guda ba mu ɗebe ba."

"Mi ya rage?"

Inuwa ya dubi ƙasa, ya dubi tumbin Labbo. Aka kwashe da dariya. Labbo dai shi ya yi ta ɗokin ɗago wa Gwadabe hula. Amma ya sauke ƙafar, ya ce ƙanensa Gambo, siriri kamar sillan kara, ya shiga motar ya tafi ya zaɓi shanun.

Sannan Labbo ya juya wajen Gwadabe, cikin ladabi: "Malam Gwadabe, ga ni ba mota. A rage mani hanya, don zumunci."

Gaban jama'a ba a hana maƙwabci. Gwadabe ya buɗe masa ƙofa. Motar ta karkata gefe guda, ta kama hanya tana nishi, Labbo kuwa sai addu'ar tafiya yake, yana roƙon a bi a hankali saboda ramuka.

Suka iske Gambo ya ɗaure bijimai uku yana shan fura. Da za a koma Gwadabe ya ce gaban motarsa ya cika da buhun gishiri. Labbo ya dawo Mafara a bayan motarsa, a tsakiyar shanunsa, yana riƙe da ƙaho.