Tambaya ta Huɗu

Duk ɗaliban aji biyu na sashen koyon aikin lauya sun san Dakta, malamin dokar laifuka, ba ya kiran mutum da suna. A bakinsa kowane ɗan Adam harafi ne. A ya ɗaga sanda, B ya faɗi, C yana tsaye yana kallo bai ce uffan ba. Haka yake kashe mutum biyar ko shida a kan allo kafin ƙarfe goma na safe, ya goge su da tsumma, ya kakkaɓe alli daga rigarsa, ya ce a buɗe shafi na gaba. Ɗalibai suna sonsa, don ba ya gundurar da aji, kuma tambayoyin jarrabawarsa sun yi suna. Har 'yan wasu makarantu sukan nemi tsofaffin takardunsa su yi bita da su.

Auta tana cikin masu sonsa, a layin gaba ma take zama. Ita ce ƙarama a gidansu, yayyenta duk sun watse, saura ita da Ummanta, sai Abbanta da ke aikin jirgin ƙasa, wanda yakan yi kwana huɗu bai kwana gida ba. A ajin akwai kuma ɗan baffanta, Dogo, mutumin da in ka ce masa yau Litinin sai ya nemi hujja. Tare suke shiga mota da safe, tare suke dawowa, yana surutu tana gyaɗa kai.

A makon farko Dakta ya koya musu cewa laifi abu biyu ne a haɗe: abin da hannu ya aikata, da abin da zuciya ta nufa. In babu ɗaya, babu laifi. Auta ta rubuta wannan, ta ja masa layi biyu, ta ji wani sanyi a ranta da ba ta gaya wa kowa dalilinsa ba. Amma a mako na shida sai ya zo kan sakaci. Ya ce akwai wanda bai nufi kowa da sharri ba, amma doka za ta kama shi, domin an ɗora masa kula da wani, ya yi sakacin da mai hankali ba zai yi ba, rai ya salwanta. Ya kawo misalin direba, ya kawo na likita. Auta ba ta rubuta ko kalma ɗaya ba a wannan darasin.

Dalili kuwa yana gida. Kakarta, mahaifiyar Abba, ta yi shekara shida a hannun Umma kafin ta rasu. A shekaru biyun ƙarshe hankalin tsohuwar ya gushe. Takan ɓata shimfiɗa, takan kira Umma ɓarauniya a gaban baƙi, ta ce ta sace mata zobe da ya ɓace tun kafin a haifi Abba. Umma ce mai wanka, ita ce mai wanki, ita ce mai ba da ƙwayar ciwon zuciya guda ɗaya kowace safiya. Don kada ta rikice, sai ta samo kwalin ƙwai, ta rubuta ranakun mako da biro a bakin ramukan, take zuba ƙwaya ɗaya a kowane rami. Wata Talata famfon banɗaki ya fashe, ruwa ya malale tsakar gida, Kaka kuma tana ta kuka wai ba a ba ta magani ba, ana so a kashe ta. Umma ta tsame hannu daga ruwa, ta ba ta. Sai da rana ta duba kwali ta ga ramin Talata da na Laraba duk babu komai. Ta tsaya tana kallon tsohuwar na barcinta lafiya, ta ce a ranta bari ta ga yadda za ta tashi. Washegari Kaka ba ta tashi ba. Likita ya ce tsufa ne da zuciya, kowa ya ce Allah ya jiƙanta, ya saka wa Umma da alheri.

Shekara biyu Umma tana riƙe da wannan ita kaɗai. Ranar da ta faɗa wa Auta, suna ninke wanki ne, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce ta faɗa ne don ya yi mata nauyi, kuma amana ce, ko Abba kada ya ji.

To ga yarinya da amana a ciki, ga littafi yana ce mata wataƙila uwarta mai laifi ce. Ta karanta babin sau uku, kowane karatu da amsar da yake ba ta. Ranar Alhamis ta hau bene zuwa ofishin Dakta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, fanka ba ta juyawa, takardun jarrabawa ɗaure-ɗaure a ƙasa, kujerar baƙi ma sai da ya kwashe littattafai daga kanta. Ta ce tana da wani misali ne da ya ɗaure mata kai. Ta fara da kyau, A tana jinyar B. Ba ta kai jimla ta huɗu ba bakinta ya suɓuce ta ce Umma, daga nan kuma sai hawaye.

Dakta ya tashi ya rufe ƙofa, ya zuba mata ruwa a kofinsa. Ya yi ta tambayarta a hankali, da murya mai taushi. Shekara nawa aka yi ana jinyar? Tsohuwar takan zage ta? A gaban mutane? Umma ta taɓa cewa ta gaji? Auta ta ce sau ɗaya, mako guda kafin abin, ta ji ta a kicin tana cewa Allah ya kawo ƙarshen wannan wahala. Ya tambayi awa nawa tsakanin ganin kwalin da rasuwar. Ita duk ta ɗauka kulawa ce, don ba ta taɓa ganin wanda ya saurare ta haka ba. A ƙarshe ya ce ta kwantar da hankalinta, babu kotun da za ta iya tabbatar da cewa ƙwayar ce sanadi, kuma kuskuren mai jinya da ta gaji ba shi ne sakacin da doka take nufi ba. Ta sauko benen tana jin kamar an sauke mata buhu daga ka. Daga ranar duk wanda ya kushe Dakta a gabanta, sai sun yi.

Wata uku bayan haka aka shiga jarrabawa. Babban zaure, mutum ɗari biyu da wani abu, masu sa ido suna zagayawa da takalma masu ƙara. Umarni ya ce a amsa uku, amma ta huɗu tilas ce, maki talatin. Auta ta juya takarda ta fara da ita.

A ta yi shekara shida tana jinyar surukarta B, wadda takan kira ta ɓarauniya a gaban jama'a. A tana ajiye maganin B a kwalin ƙwai mai ɗauke da ranakun mako. Mako guda kafin rasuwar B, an ji A tana fatan ƙarshen wahalarta. Ranar Talata ta ba B ƙwaya biyu maimakon ɗaya, ta gane da rana, ba ta kira likita ba. Tattauna ko A ta yi kisan kai da gangan, ko kisa ta hanyar sakaci, ko ba ta da laifi.

Bai ko canza ranar ba. Wannan ne ya fara zuwa mata. Ta ɗaga kai, ta ga mutum ɗari biyu sun duƙufa a kan uwarta, wasu har suna murmushi don tambayar ta yi musu daɗi. Layi uku a gabanta Dogo yana rubutu kamar ana korarsa. Ta yi minti ashirin biro na hannunta bai taɓa takarda ba. Sannan ta tuna faɗuwa a wannan darasi maimaita shekara ce, sai ta rubuta. Abin da ya fi ba ta haushi daga baya shi ne hannunta bai yi gardama ba. Ya jera aiki, ya jera niyya, ya auna sakaci, ya kawo hujjar wannan gefe da ta wancan, tsaf yadda aka koya masa.

Tana fitowa ta wuce ofishin. Ta same shi yana shan shayi, ya tarbe ta da fara'a, har yana tambayar yadda ta ga takardar. Ta ce masa sirrin gidansu ne ya raba wa mutum ɗari biyu.

"Wane sirri?" in ji shi. "Na cire sunaye. A ce da B. Babu wanda zai iya ɗaure ki ko mahaifiyarki da wannan takarda, ki tambayi duk lauyan da kika ga dama."

Ta ce ba maganar ɗauri take yi ba. Ya dube ta da mamaki na gaskiya, kuma wannan mamakin ya fi komai ciwo, don da a ce ya ji kunya da ta san inda za ta kama shi. Ya ce a shekara goma bai samu tambayar da ta haɗa niyya da sakaci da sanadi wuri ɗaya kamar wannan ba, irin ta ba a ƙirƙira, sai dai rayuwa ta kawo. Ya ce ita ma in ta daɗe a aikin za ta daina ganin fuska, ta riƙa ganin batu. Da ta ce masa jikan tsohuwar yana cikin zauren, sai ya ce ai da ta gaya masa tun farko, da ya mai da kwalin gwangwani.

Dogo yana jiranta a bakin titi. Gidansu a wata unguwa yake, a ƙarshen jinyar Kaka kuma yana makarantar kwana, bai san kwali ba, bai san zagi ba. Bai gane komai ba, wannan ta tabbatar tun a mota, don tun daga tasha yake yabon tambaya ta huɗu. Ta yi ta addu'a ya sauka a mahaɗa ya nufi gidansu. Sai ya ce yau kam sai ya je ya ci abincin Umma, ya gama da dokar laifuka lafiya.

Umma tana guga a falo, ta shimfiɗa bargo a kan tebur, kayan aikin Abba a gefe don da yamma zai dawo. Ta yi musu sannu, ta tambayi jarrabawa. Auta ta yi saurin cewa lafiya lau, ta ce wa Dogo ya zo kicin ya zuba abinci. Ina, ya riga ya zauna, ya miƙe ƙafafu. Ya ce Umma ta saurara ta ji wata muguwar mata. Auta ta ce ya bar mutane su huta, ta kawo zancen mota, ta kawo zancen zafi. Ya ɗaga mata hannu ya ci gaba. Ya faɗi shekara shida, ya faɗi ɓarauniya, ya faɗi kwalin ƙwai yana dariyar dabarar. Dutsen guga ya tsaya a kan hannun riga, Umma ta ɗaga shi kafin ya ƙona, ta jingine shi a tsaye.

Dogo ya ce shi kisan kai ya ba ta, kai tsaye. Mace ta yi fatan mutuwar tsohuwa, ta ga kuskure da rana tsaka ta yi shiru, me ya rage? Ya ce bari Abba ya dawo ya ba shi, ya ji me zai ce, don shi yana son irin wannan muhawara. Umma ta ce masa ya je ya zuba abinci kafin ya huce. Ya tashi yana fito.

Falon ya rage su biyu. Auta ta buɗe baki ta fara cewa ba da nufi ba ne, tsoro ne ya kai ta, so take ta san ko akwai abin da zai sami Umma. Ta ji kalmomin a kunnenta, ta ji yadda suka yi kama da amsar jarrabawa. Umma ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube ta ne kawai, irin kallon da ake yi wa baƙon da ake ƙoƙarin tuna inda aka san shi.

"Mutum nawa suka karanta?"

"Ɗari biyu da wani abu."

"Ke kuma me kika rubuta?"

Auta ta so ta yi ƙarya, amma ta ga ta yi wa matar nan abin da ya isa. Ta ce ta rubuta babu niyya, ba kisan kai ba ne. Umma ta ce ta ji wannan, saura kuma? Ta ce ta rubuta cewa rashin kiran likita bayan an gane, ana iya kiransa sakaci.

Umma ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce ita ma abin da ta yanke wa kanta ke nan tun ranar da abin ya faru, ba tare da ta shiga aji ba, amma ba ta zaci daga bakin 'yarta za ta ji shi ba. Ta zare wayar guga daga bango, ta naɗe ta a hannu. Ta ce Abba ba zai ji mutuwar uwarsa a matsayin labarin ban dariya daga bakin ɗan ƙaninsa ba, ita za ta gaya masa yau da kanta, abin da zai biyo baya kuma Allah ya sani.

Auta ta ce to za ta zauna tare da ita in ya dawo, kada ta fuskance shi ita kaɗai.

"A'a," in ji Umma. "In Dogo ya gama ci, ki ɗauki kayanki ki bi shi gidan Baffanki, ki kwana biyu. Maganar da zan yi da Abbanki ta cikin gida ce."

Daga kicin Dogo ya ɗaga murya yana tambaya ko akwai ƙarin nama. Umma ta amsa masa cewa ya duba ƙaramar tukunya, sannan ta kwashi kayan Abba ta shige ɗaki ta ja ƙofa.