Jana'izar Abu Tanyus a Kangon Coci

Da jiragen yaƙi suka matsa wa garinmu, muka hau dutse muka fake a kangon wani tsohon coci da ke bayan gonakin zaitun. Rufinsa ya zube tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Ginshiƙai ne kawai a tsaye, layi biyu, sai bangon gabas mai lanƙwasa. A tsakaninsu muka ɗaura tantuna.

Maƙwabcinmu Abu Tanyus da matarsa Umm Tanyus suka biyo mu. Su kaɗai ne Kiristoci a cikinmu. Shi da Babana, Alhaji Subhi, tun suna yara suke tsokanar juna.

"Abu Tanyus, yau mu baƙinka ne," in ji Baba. "Gidan kakanninka ne wannan. Ina shayin baƙi?"

"Kai Alhaji, ka ci na banza a ƙasa, ka biyo ni kan dutse ma? Ka fara gyara mini rufin tukuna."

Da sanyi ya shigo, tari ya kama Abu Tanyus. Ba likita, hanya kuma a rufe. Wata safiya Umm Tanyus ta ɗaga bakin tantinmu ta ce, "Alhaji, ɗan'uwanka ya tafi."

Baba ya miƙe tsaye. Ya tambaye ta, "Yaya kuke yi wa naku?"

"Fada, limamin coci, shi ke yi. Ina za mu samu Fada a nan?"

"To ki faɗa mana abin da kika sani, mu yi."

Maza suka haƙa kabari a gefen bangon gabas, inda ƙasa ta fi laushi. Ta ce a sa masa kwat ɗinsa na zuwa biki, a juya fuskarsa wajen fitowar rana. Aka yi haka. Ta tsaya a bakin ramin ta fara addu'arsu, amma tana kaiwa tsakiya kuka ya ci ƙarfinta. Ta sake ɗaukowa daga farko, ta sake tsayawa. Babu wanda ya san sauran a cikinmu balle ya taya ta. Muka jira ta a cikin yayyafi, har ta haɗiye kukan ta ƙarasa da kanta. Baba ya ce amin da ƙarfi, mu ma muka ce.

Yayana ya samo wani dutse mai zanen gicciye a cikin ɓaraguzai. Maza huɗu suka ciccibo shi suka kafa a wajen kan.

A ranar, Inna ta dafa alkama da zuma, yadda Umm Tanyus ta nuna mata, aka raba wa kowane tanti. Daga nan tsohuwar ta dawo tantinmu da kwana. Da bazara hanya ta buɗe, ɗanta ya aiko mota daga Beirut. Baba ya raka ta har gindin dutse, yana riƙe da ƙunshin kayanta.