An Tsayar da Gwaggo Shatu a Zaure

Duk wanda ya ce aikin kwamfuta zama ne a inuwa ana latse-latse, bai taɓa yi wa dangi aiki ba. Ni Zuwaira na yi, kuma na ji a jikina.

Gwaggo Falmata ƙanwar babana ce, ita ce mai alkakin da ake zance a unguwarmu ta Kara-Kara. Da na gama karatu ta ce tun da an kashe shekaru ana koya mini kallon gilashi, sai in yi mata shafi a intanet, yadda mutanen Yamai da Agadas za su riƙa sayen alkakinta daga inda suke. Na yi mata. Na sa hotunan alkaki, na sa lambar waya. Sai ta buɗe akwatinta, ta tono wani tsohon hoto daga can ƙasan zannuwa, ta ce shi za a sa a sama. Hoton kakarmu ne, uwarsu, wadda ta koya musu sana'ar. Shi kaɗai ne hotonta a duniya.

Na nuna mata shafin a kwamfutata ina jiran yabo. Ta dube shi, ta dube ni.

"Wato kowane ƙato daga ko'ina sai ya faɗo mini tsakar gida ba sallama?"

"Gwaggo, shafin intanet ne fa, ba gida ba ne."

"Hoton uwata na ciki ki ce mini ba gida ba ne? Yi masa zaure."

Na yi gardama har maƙogwarona ya bushe, amma wanda ya san Gwaggo Falmata ya san ɓata yawu na yi. Na gina zaure. Kana buɗe shafin sai ka ga an rubuta, "Baƙo, yi sallama." Ka danna sallama, a amsa maka, a tambaye ka gida da gajiya, sannan a tura ka ciki. Kafin a tura ka, zauren zai ajiye wata ƴar alama a wayarka, wadda mu masu aikin muke kira kuki. Kamar a ba ka goro a ƙofa ne, ka nuna shi a ciki don a san ka gaisa. In shafin ciki bai ga alamar ba, sai ya mayar da kai zaure. Na gwada a kwamfutata, na gwada a wayata, na gwada a wayoyin maƙwabta, komai lafiya lau. Gwaggo ta ce yanzu ne na fara hankali.

Akwai yayarta, Gwaggo Shatu, da ke aure a Zermu. Tun rasuwar kaka su biyun suka yi ɗan ja-in-ja a kan wa zai riƙe hoton. Gwaggo Falmata ta ci, ta binne shi a akwati, ita kuwa Gwaggo Shatu girman kai ya hana ta cewa a fito mata da shi ta gani. Shekaru suka tafi a haka. Don haka da aka tura mata adireshin shafin, aka ce mata hoton Inna na ciki, kowa a gidanmu ya san wannan shi ne ban haƙurin da Gwaggo Falmata ba za ta iya yi da baki ba.

Bayan kwanaki sai ga saƙon murya daga Zermu. Gwaggo Falmata ta kunna shi a gaban kowa, tana murmushi.

"Falmata, na gode. Na zo gidanki na yi sallama, an amsa, an ce in shigo, na ɗaga ƙafa aka mayar da ni zaure. Na sake sallama, aka sake mayar da ni. Tun hantsi nake sallama har la'asar. Sallamar da na yi a zaurenki ban yi wa mijina ita ba tun da aka kawo ni gidansa. Ni mace, yayarki, a tsayar da ni a zaure kamar mai tallan gawayi! To na ji. Ƙafata ba za ta ƙara taka gidanki ba, na waya da na ƙasa."

Murmushin ya gudu. Duk idanu suka dawo kaina.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Wa ya ce a yi zaure? Amma na ga fuskar Gwaggo Falmata, na ga tsoro ne a ciki ba fushi ba, sai na haɗiye maganata. Ƴan uwanta mata duk sun rasu, Gwaggo Shatu kaɗai ta rage mata.

Nan take gidan ya cika da masana. Wata ta ce rezo ne, wato sabis na waya, ai rezon Zermu sai ka hau rumbu. Wata ta ce a sa wayar cikin hatsi ta kwana. Wata tsohuwa ta ce wataƙila Shatu da hagu take dannawa, kuma ba a sallama da hagu. Aka aika mata duk waɗannan shawarwari. Amsa ta dawo cewa ta hau rumbu, ta danna da dama, ta danna da bisimilla, ta yi alwala ta danna, kuma a daina aiko mata da maganar banza.

Na kira ta. Ta ɗauka, amma ta ce ba da ni take magana ba, da bangon ɗakinta take, in ina da kunne in ji. Na roƙi bangon ya shiga saitin wayar ya share tarkacen da burauza ta tara, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, don wani lokaci tsohon abu ne yake maƙalewa. Bangon ya share. Ya share har da hotunan sunan jikarta, wanda ban ce a taɓa ba. Zaure kuwa yana nan inda yake.

Sai na yi dabara. Na haɗa mata adireshi nata ita kaɗai, wanda zai yi sallamar a madadinta ya wuce da ita ciki ba tare da ta danna komai ba. Garin gyaran gira aka rasa ido. Zaure ya tura ta ciki, ciki ya dawo da ita zaure, zaure ya sake turawa, su biyun suka yi ta cilla ta tsakaninsu ba hannun kowa, har wayar ta gaji ta fito da wani dogon rubutu na Faransanci.

Saƙo ya zo: "Madalla. Da da Hausa ake kora ta, yanzu an koma korata da yaren lekol na ƴan boko."

Gwaggo Falmata ta daina cin abinci sosai. Ranar ta ƙona alkaki, abin da ban taɓa gani ba. Na ce a rushe zauren kowa ya huta. Ta ce a rushe ni dai. Na ga in na ci gaba da gyara daga nesa sai an raba zumunci har jikoki, gani kuma ya kori ji. Na saɓa jakar kwamfuta na tafi tasha.

Lokacin kaka ne, motar Zermu cike da buhuna da mutane da wata akuya da ta ɗauki ƙafata a matsayin matashi. Na iske Gwaggo Shatu a tsakar gida tana gyaran gyaɗa. Ta amsa gaisuwata tsaf, ta ba ni ruwa, ta tambayi babana da kowa da kowa har da kajin gida, ban da mutum ɗaya. Sannan ta ce, "Kin ga ni ban tsayar da ke a zaure ba."

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Ina wayar?"

Ta kwance ta daga bakin zani. Wayyo ni. Wannan waya ta ga duniya. An ɗaure bayanta da roba, gilashin ya tsage gida-gida, burauzar da ke ciki kuwa tun ina koleji aka daina sabunta irinta. Na gwada sabuntawa, wayar ta ce ba ta da wuri. Na duba abin da ya cinye wurin, na ga wa'azi ne da waƙoƙin biki, aka ce in na taɓa ɗaya in nemi motar komawa.

"Gwaggo, da za ki yarda a sayo miki sabuwa..."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Wannan na san inda komai yake."

"To ga tawa, ki shiga da ita ki ga hoton yanzu-yanzu."

Ta dakata da gyaran gyaɗar. Idonta ya tsaya a kan wayata, hannunta har ya motsa. Sai ta mayar da shi cikin gyaɗa.

"Da tawa aka kore ni, da tawa zan shiga."

"Dakor, na ji. Bari in buɗe miki wata hanya ta gefe, ki wuce ciki ba sai kin bi ta zaure ba."

"Ta katanga? Ni ɓarauniya ce? Gidan ƙanwata zan shiga ta katanga, jama'a su ji? Ta ƙofar da kowa ke bi zan bi, a amsa mini yadda ake amsa wa kowa."

A zuciyata na ce wannan iyali in taurin kai sana'a ne da ba mu sayar da alkaki ba. Na kwashi kayana muka tafi gindin wani gawo a bayan gari, inda aka ce nan rezo yake sauka. Ta shimfiɗa tabarma ta zauna, ta juya mini baya don kada in ɗauka ta damu.

Na ba wa kwamfuta intanet daga wayata, na ajiye tsohuwar wayar kusa, na shiga bin sawu. Na yi wani ɗan shafi na gwaji wanda ba ya komai sai faɗin ko alamar tana nan ko babu. A wayata ya ce tana nan. A ta Gwaggo ya ce babu. To, ashe ba turawar ce ta lalace ba, goron ne ba ya kaiwa ciki. Na sa zauren ya ba da alama tsirara, ba wani ƙarin bayani a jikinta. Tsohuwar wayar ta karɓa ta riƙe. Na mayar da ƙarin bayanin, ta watsar.

Nan na gane. Lokacin da nake gina zauren na maƙala wa alamar wani ɗan sharaɗi na zamani, wanda sababbin burauza suke nema. Ita kuwa wannan tsohuwa ba ta san shi ba, kuma ɗabi'arta in ta ga abin da ba ta sani ba sai ta zubar da alamar gaba ɗaya, ba ta ce wa kowa komai ba. Na kalli wayar, na kalli ƙeyar mai ita.

Gyaran bai fi layi biyu ba. Na sa zauren ya riƙa ba da alama iri biyu, ta zamani da ta gargajiya, shafin ciki kuma ya karɓi duk wadda aka nuna masa. Wahalar da na sha da akuyar da ta kwanta mini a ƙafa, duk a kan wannan.

"Gwaggo, bisimilla."

Ta juyo a hankali. Ta goge hannunta a zani, ta gyara ɗankwali, ta karɓi wayar da dama. Ta danna, ta kuma faɗa da baki, da ƙarfi, yadda za a ji a ciki: "Salamu alaikum!" Aka amsa, aka tambaye ta gida da gajiya. Ta ce, "Gajiya kam akwai ta." Shafin ya yi fari. Ni kaina na riƙe numfashi, don in aka sake mayar da ita na san a Zermu zan nemi miji, ba zan iya komawa gida ba.

Ba a mayar da ita ba.

Rezon gawo ba ya sauri, sai hoton ya fara saukowa daga sama kaɗan-kaɗan. Ɗaurin ɗankwali ya fito. Goshi ya fito. Da idanun suka fito, Gwaggo Shatu ta matso da wayar kusa da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa tsagaggen gilashin. Ta daɗe a haka. Ban taɓa ganin bakinta a rufe tsawon wannan lokaci ba, abin ya ba ni tausayi har na kau da kai.

"Inna," ta ce a hankali, "tun yaushe nake ƙofa."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ja hanci, ta ce iska ce. Sannan ta ja shafin ƙasa ta ga hotunan alkaki, fuskarta ta dawo daidai.

"Wannan ne ake nuna wa mutanen Yamai? Ya sha wuta. Kira mini ita."

Na kira Gwaggo Falmata na miƙa wa Gwaggo Shatu wayar. Ko gama ƙara ɗaya wayar ba ta yi ba aka ɗauka, ashe a hannu take riƙe da ita.

"Yaya?"

"Na shigo. Alkakinki ya ƙone, kin ba mu kunya a gaban Inna. Ki jiƙa alkama, gobe ina tafe. Kuma ki fito da hoton daga akwatin nan, ina son in riƙe shi a hannuna."

Daga can ɓangaren sai kuka.