Karkataccen Tambari

Casimir Wojtan, wanda kowa a garin Saginaw ke kira Kaz, bai taɓa barin fenti ya zirara a jikin mota ya kwana a haka ba. Tun yana saurayi yake fenti a garejin Dubicki, kuma a wurinsa abin kunya ne a ga tambarin jikin mota ya karkace, ko gam ya leƙo ta ƙarƙashin kwalliyar ƙarfe. Ya yi imani cewa inda ido ba ya kaiwa, nan ake gane ma'aikaci. Gaskiyarsa ce kuwa, ko da duniya ta daina biyan mai irin wannan gaskiyar.

Koriyar motar Likita Ollinger ce ta rikita shi. Irin motocin nan ce na 1970, mai ƙofa biyu da dogon bonet, injinta idan ya tashi sai gilashin ofis ya yi rawa. Kaz ya kwashe lokacin sanyi gaba ɗaya a kanta. Da ya gama, ko ƙarƙashinta ka leƙa sai ka ga fuskarka. Aka kai ta gasar tsofaffin motoci, ta dawo ba kyauta.

Marlene Dubicki, wadda ta gaji garejin daga mahaifinta, ita ta kira shi ofis.

"Kawu Kaz, zauna. Ga kofi."

"Faɗa mini a tsaye. Ina ta ɓaci?"

"Ba ta ɓaci ba. Cewa suka yi ta yi kyau da yawa."

Kaz ya jira ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Alƙalan gasar so suke su gan ta yadda ta fito daga masana'anta," in ji ta. "Masana'anta kuwa ba ta taɓa fitar da mota haka ba. Ƙarƙashinta feshi ne sama-sama, wani wuri ya samu, wani wuri bai samu ba. Kuma me ka yi wa tambarin gefen hagu?"

"Gyara shi na yi. Ya fi na dama sauka ƙasa, ga shi a karkace. Na cike ramukan, na huda sababbi daidai."

"To, wannan karkatar ita ce ta asali."

"'Yar nan, wanda ya kafa tambarin nan barci yake ji!"

"Barcin nasa Likita yake so."

Sai ta sauke murya. Akwai wani mai fenti a jihar Indiana, Verl Stuckey, da ya yi suna a irin wannan aikin. Masu tsofaffin motoci su ne yanzu ke riƙe da garejin, ɗakin fenti kuwa guda ne. Idan Kaz bai iya mayar da motar yadda suke so ba, ɗakin zai koma hannun Stuckey. Ta faɗi haka tana kallon kofinta, domin a gabansa ta koyi tafiya.

Kaz ya koma ya tsaya gaban motar. Bai fahimta ba, amma ba ya son barin ɗakin nan. Ya ce a ransa, mutumin da ya iya aiki mai kyau ai ba zai kasa marar kyau ba.

Nan ya yi kuskure. Ya goge ƙarƙashin motar, ya nemo hotunan motocin da ba a taɓa taɓawa ba, ya zauna yana nazarin ɓarnar wasu kamar mai shirin jarrabawa. Ya auna tsawon kowace zirarar fenti. Ya auna karkatar tambari. Sannan ya kwaikwaye su ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe numfashi.

Likita Ollinger ya zo duba aiki. Likitan haƙori ne, kuma da ƙaramin madubin da yake leƙa bakin mutane yake leƙa motarsa. Ya kwanta a ƙasa da tocila, ya daɗe, sannan ya fito yana girgiza kai.

"Mista Wojtan, wannan zirarar ta yi kyau."

"Madalla."

"A'a, ba madalla ba. Ta miƙe sosai. Da gani an yi tunani kafin a yi ta."

"Likita, ka ce in ɓata. Na ɓata."

"Ka ɓata da natsuwa. Su ma'aikatan masana'anta ba su da natsuwa. Mota na tafiya a kan layi, wata na biye da ita, mutum ya fesa ya wuce." Ya zagaya hagu ya tsuguna gaban tambarin. "Wannan ma ka auna shi, ko?"

"To da me zan san ya karkace daidai?"

"Ba a karkacewa daidai, Mista Wojtan."

Kaz ya cire hularsa ya sosa kai. Don ya sami abin da zai riƙe, sai ya nuna cikin motar, inda wani baƙin faranti ya toshe gurbin rediyo.

"Wannan fa? Ina da rediyon shekararta a ajiye, sabo fil. Ko shi ma laifi ne?"

Likita ya dafe ƙirji. "Kar ka taɓa mini farantin nan! Wanda ya fara sayenta cewa ya yi ba ya son rediyo. Kaɗan ne suka fito haka. Rashin rediyon nan ya fi injin wuyar samu."

"Wato abin da babu shi ne ke da daraja."

"Yauwa, ka fara ganewa."

Bai fara ba. Ya koma gida yana juya maganar. Aiki mai kyau ba ya ci, marar kyau ma sai ya zama na wanda bai damu ba. Wannan cuta ce ta ƙoshi. Mutanen da ba su taɓa tsayuwa a layin masana'anta ba har ƙafa ta kumbura, su ne yanzu ke durƙusawa da tocila suna sha'awar gajiyar waɗanda suka tsaya.

Ya sake gogewa, ya sake gwadawa. Ya rufe ido ya fesa, hannun ya tafi sumul shi kaɗai. Ya koma hannun hagu, ba a jima ba shi ma ya koyi hankali. Shekarun da ya yi yana horar da hannayen nan ba za su warware don wani likita ya ce su warware ba. Duk lokacin da fenti ya fara zirara sai ya tsinci tsumma a hannunsa, ya riga ya goge kafin ya tuna.

Ranar Juma'a da la'asar Marlene ta leƙo ɗakin fenti. Motar na sama a kan na'urar ɗagawa, ƙarƙashinta a goge, gefen hagu ba tambari.

"Kawu, Stuckey zai zo ranar Litinin. Dubawa kawai zai yi."

"Dubawa."

"Wallahi ba ni da yadda zan yi."

"Ki gaishe shi. Ki ce masa fankar nan sai an buge ta take tashi."

Ta tafi. Kaz ya tuɓe rigar aiki, ya sa ta gida, ya ɗauki makullin motarsa. Har ya kai ƙofa sai ya waiwaya. Ko korarsa aka yi, ba zai bar wa baƙo mota tsirara ya zo ya ce tsohon ko gamawa bai iya ba. Ya dawo a fusace, ko hula bai cire ba. Ya fizgi bindigar fenti, ya bi ƙarƙashin motar da sauri yana fesawa yana zagin Likita, da alƙalai, da jihar Indiana gaba ɗayanta. Ya sauke motar, ya huda ramuka da ido, ya danna tambarin da tafin hannu. Ya matsa gam a kwalliyar taga har ya fito ta gefe, ya bar shi. Bai kalli komai ba. Ya buga ƙofa ya tafi.

Ranar Litinin da safe ya zo da akwati ya kwashe kayan aikinsa. Ƙafafu huɗu ya tarar sun leƙo daga ƙarƙashin koriyar motar. Likita ne ya fara fitowa, idonsa ya yi ja.

"Mista Wojtan! Allah ya yi maka albarka! Ka ga nan? Ka ga inda bai samu ba gaba ɗaya?"

Wani siririn mutum mai gemu ya biyo shi yana kakkaɓe wando. Shi ne Stuckey.

"Dattijo, shekara da shekaru nake bin wannan, ban taɓa kama shi haka ba. Ni nawa kullum da ɗan ƙamshin ƙarya. Yaya kake riƙe bindigar?"

Kaz ya durƙusa ya leƙa. Fenti ya taru a wani lungu kamar majina, wani wurin ƙarfe ne a fili. Tambarin ya sunkuyar da kai kamar ya yi laifi. Da wani ne ya yi wannan a ɗakinsa, da ya kore shi kafin azahar.

"Ban sani ba," ya ce. Iyakar gaskiyarsa ke nan.

"Sirri ne, ba zai faɗa ba," in ji Likita yana dariya. "Bar shi, Verl, kowa da nasa."

Stuckey ya ce shi bai ga abin da zai ƙara a garejin nan ba, ya sha kofi ya kama hanyar gida. Marlene ta karɓi akwatin daga hannun Kaz ta mayar ƙarƙashin benci.

"Ɗakinka ne, Kawu. Kuma Likita ya riga ya kira abokansa. Akwai jar mota guda, da wata ruwan lemo, duk irin wannan suke so."

"Irin wanne?"

"Irin wanda ka yi."

"'Yar nan, ban san abin da na yi ba. Fushi nake, ina son in tafi gida."

"To ka sake yin fushin."

"Da wa? Kin mayar mini da ɗakina." Ya dube ta, ya dubi motar. "Sai dai ki riƙa korata duk Juma'a."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba, don da gaske yake tambaya.

Da aka turo jar motar cikin ɗakin, ya rufe ƙofa, ya cika bindiga. Ya tsaya yana laluben abin da zai ɓata masa rai. Ya tuna Likita, sai ya ga mutumin bai taɓa yi masa rashin kunya ba. Ya tuna alƙalan, bai ma san fuskarsu ba. Ya ɗaga hannu ya fesa layin farko, ya fita sumul ba ko ɗigo. Ya ja baya yana kallonsa, ya rasa ko ya gode wa Allah ko ya goge.